Na ba abokina dabarar kasuwanci ya yi arziki da ita, ina da haƙƙi a ciki?

"Assalamu alaikum Malam. Shekara uku da suka wuce na faɗa wa wani abokina wata dabara da ta daɗe a raina: a sayi tumatir lokacin da ya yi araha, a busar da shi cikin tsabta, a niƙa, a zuba a ƙananan ledoji, a sayar da damina idan ya yi tsada. A lokacin ba ni da jari, kuma aikin koyarwa ya riƙe ni. Yau abokin nan ya buɗe wurin yin wannan abu, har da yara shida suna masa aiki. Ko sisi bai taɓa ba ni ba, ko sunana ba ya ambata. Shin ba ni da haƙƙi a cikin abin da yake samu? Sannan ina da wasu dabaru biyu da nake tsoron faɗa wa kowa. Ta yaya zan sayar da su, ko in kare su?" Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Na karanta wasiƙarka sau biyu, domin akwai tambaya a cikinta, akwai kuma ciwo, ba na so in amsa ɗaya in tsallake ɗaya. In na fahimce ka, abu uku ka ƙulle wuri guda: ko abokinka yana riƙe da haƙƙinka, ko dabara ita kaɗai tana da farashin da za a saye ta, sannan ko ɓoye sauran dabarunka ne zai tsare maka su. Da ta tsakiya zan fara, saboda sauran biyun a jikinta suke rataye.

Aikina shekara da shekaru shi ne zama da masu ƙananan masana'antu da 'yan kasuwa a Kano, in duba musu littafin shige da fice, in rubuta musu tsari idan za su nemi rance ko abokin tarayya. Da wuya wata ya wuce wani bai shigo wurina ya ja ƙofa ya rage murya ya ce, "Malam, akwai wani abu da ba wanda ya taɓa tunaninsa" ba. Ina saurarensu da kunnen basira, domin a cikin irinsu ake samun na ƙwarai. Amma sau da yawa abin da zai faɗa na riga na ji shi a bakin mutum biyu ko uku waɗanda ba su san juna ba. Babu wanda ya saci na wani. Matsala ɗaya suke gani a titi ɗaya, sai hankali ya kai su mafita ɗaya.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne

Kasuwa tana biyan kuɗi ne a kan abin da ke da wuyar samu. To mu auna dabararka da wannan ma'auni. Duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano da rani, ya wuce Kwanar Gafan da Kadawa da Kura, ya ga kwandunan tumatir jere a bakin titi ana neman mai saye ko da a wulaƙance, ya ga shanyar kauɗa ja jawur a ƙasa, sannan damina ta zo ya ga yadda 'yan ƙwayoyi huɗu suka gagari talaka, dole wannan tunani ya ɗarsu a ransa. Direban tirela ya yi shi, ɗan sandan da ke shingen hanya ya yi shi, ɗaliban aikin gona na Samaru sun rubuta shi a takardunsu na kammala karatu. Ita kanta kauɗa tun zamanin iyayenmu ake yin ta. Abin da ka ƙara shi ne tsabta da niƙa da leda, kuma ƙari ne mai kyau, sai dai ba kai kaɗai ka hango shi ba.

Yanzu mu leƙa abin da abokinka ya sha kafin leda ɗaya ta kai shago. Ban san shi ba, amma na san sana'ar. Fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne, ke nan sai ya sayi kwanduna da yawa kafin ya tara garin da zai cika buhu, kuma dole ya san lokacin da farashi ya kai ƙasa, ya san dillalin da ba zai cika masa ƙasan kwando da ruɓaɓɓe ba. Shanya a ƙasa tana kwasar yashi da ƙura, sai ya ɗaura gadajen shanya ko ya nemi na'urar busarwa, ya sa mai gadi saboda awaki da tsuntsaye. Idan bai bushe ƙarau ba fumfuna ta kama shi, idan zafi ya yi yawa ya yi baƙi, uwargida kuwa jar miya take so. Ya kai injin niƙa, in injin ya niƙa barkono kafin shi, kayan ya tashi daga aiki. Ga babbar matsalar da ba mai ganin ta sai wanda ya taɓa da hannunsa: garin tumatir yana shan danshin iska ya dunƙule kamar dutse, kuma da damina yake yin haka, daidai lokacin da ake son sayar da shi. Sai ya nemo leda mai kauri da na'urar liƙewa, ga wuta ba tabbas. Sai zirga-zirgar neman lambar NAFDAC, domin manyan shaguna ba sa karɓar kayan abinci babu ita. Sai mai shago ya ce a ajiye masa, sai ya sayar zai biya. Duk wannan lokaci jarinsa yana kwance wata huɗu ko biyar ba ya juyawa, yara shida kuma kowane ƙarshen wata suna jiran albashi, ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

A kowane ɗaya daga waɗannan matakai akwai mutanen da suka fara suka tsaya. Wanda ya wuce su duka shi ne abin da ke da wuyar samu, shi ya sa kasuwa take biyan shi.

Kada ka ɗauka ƙarancin jari ne kawai ke jawo wahalar. A nan Kadawa ɗin kamfanin Dangote ya gina masana'antar sarrafa tumatir wadda aka tsara ta markaɗa tan 1,200 a rana, ta fara aiki a 2016. Dabarar ba ta da makusa: ga madatsar ruwa ta Tiga, ga manoman rani dubbai, ga ƙasa tana shigo da tumatirin gwangwani daga waje. A shekarar ta 2016 tsutsar nan da manoma suke kira Sharon ta cinye gonaki, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Masana'antar ta tsaya. Bayan tsutsa ta lafa sai wata matsalar ta bayyana: duk lokacin da farashin kasuwa ya fi na masana'anta, manomi kasuwa zai kai kayansa, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Tun daga nan masana'antar ta sha buɗewa da rufewa saboda rashin isasshen tumatir. Idan mutumin da ya fi kowa kuɗi a Afirka ya ci karo da wannan a kan tumatir, to ka san tazarar da ke tsakanin "a sarrafa tumatir" da sarrafa shi ba ƙarama ba ce.

Tarihin Kano ma ya koya mana wannan. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suka sa rai za su riƙa kwasa zuwa masaƙun Ingila. Manoma suka zaɓi gyaɗa, domin ta fi biya, kuma in ba ta sayu ba za a ci. Cikin 'yan shekaru duk wani fatake a Kano ya san akwai kuɗi a gyaɗa, ba sirri ba ne. Amma sunan Alhassan Ɗantata ne ya fita. An haife shi a Bebeji a 1877, ya yi fataucin goro zuwa Gwanja tun yana saurayi, kuma daga can ya taho da abin da sauran ba su da shi: yaran gida amintattu da zai ba kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo, da suna na mai cika alkawari wanda ya sa kamfanonin Turawa suka amince su ba shi kuɗi tun kafin ya kawo kaya. Kuɗin azurfar da ya kai ajiya bankin Turawa a Kano a kan raƙuma aka ɗauko su. Gyaɗar kowa ya gan ta. Amana da mutanen aike kuwa shekaru ya yi yana tara su a kan hanyar Gwanja.

A ƙasashen waje ma labarin bai sauya ba, sai dai kuɗin sun fi yawa. Injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975. Kamfanin yana da dabarar a hannu, yana da kuɗi, amma ribarsa a fim ɗin hoto take, bai yi gaggawar kashe kasuwar da ke ciyar da shi ba, a 2012 ya shiga kotu neman kariya daga masu bin sa bashi. Masu bincike na kamfanin Xerox ne suka fara haɗa kwamfuta mai linzami da hotuna a allo a shekarun 1970. Steve Jobs ya ziyarce su a 1979, ya gani, a 1984 Apple ya fitar da Macintosh, shi duniya ta sani. Google ma da ya zo a 1998 ya tarar da AltaVista da Yahoo suna aikin neman bayanai a intanet.

Inda dabara take da nauyi

Ba na so ka tashi daga nan da fahimtar cewa tunani ba komai ba ne, domin wannan ma kuskure ne, kuma na ga ya cinye jarin mutane. Idan dabara gurguwa ce, ƙwazo ba ya miƙar da ita, sai dai ya sa a yi asara da sauri. Ni kaina na taɓa shiga tarayya a sana'ar kunun aya na roba. Mun yi komai yadda ya kamata: wuri mai tsabta, firij, tambari mai kyau, yara masu rarrabawa da sassafe. Abin da ba mu tsaya mun auna ba shi ne kunun aya ba ya jure zafi, cikin 'yan awoyi yake tsami, shagunan da muke kai wa kuma ba su da wuta tsayayya. Kullum kayan da ake dawo mana da su suna cinye ribar waɗanda aka sayar. Mun rufe kafin shekara. Matan da ke yin shi a gida su sayar a ƙofar gida a ranar sun fi mu fahimtar sana'ar, domin tsarinsu ya dace da halin kunun.

Wurin da za a shuka dabara ma yana cikin dabarar. M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya da Safaricom ya fara a Kenya a 2007, ta mamaye ƙasar cikin 'yan shekaru, saboda ɗimbin mutane ba su da asusun banki kuma suna buƙatar aika kuɗi gida ƙauye. Vodacom ya kai ta Afirka ta Kudu a 2010, inda akasarin jama'a suke da banki, a 2016 ya naɗe tabarmarsa. Suna ɗaya, fasaha ɗaya, ƙasa ce ta bambanta.

Saboda haka ni nakan raba abin da mutane suke kira dabara gida biyu. Akwai hasashe, wato "da za a yi kaza da an samu kuɗi". Wannan kyauta ake ba da shi a majalisa da wurin mai shayi, kuma kyauta ya kamata a ba da shi. Akwai kuma sani, wato abin da mutum ya gano saboda ya daɗe a cikin harka, wanda na waje ba zai gani ba. Wata baiwar Allah da nake duba wa lissafi tana yin yaji da man shanu soyayye. Da farko a shaguna take ajiyewa kamar kowa, ciniki na tafiyar hawainiya. Ita tsohuwar mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai ce, sai ta tuna cewa a makon komawa makarantar kwana iyaye suna yawo suna harhaɗa wa 'ya'yansu yaji da gari da ƙuli da man shanu, kuma ta san girman robar da masu bincike a ƙofar makaranta suke bari a shiga da ita. Ta haɗa su a kwali ɗaya, ta riƙa karɓar oda mako biyu kafin komawa. Sau uku a shekara take yin babban cinikinta, kuma da kuɗin masu saye take sayen kayan. Irin wannan sanin yana da farashi, saboda shekarun aiki ne suka haife shi, kuma yana zuwa da amsar tambayoyin da hasashe ba ya amsawa: wa zai saya, yaushe, nawa, a wane mazubi.

Ka tambayi kanka tsakaninka da Allah, abin da ka ba abokinka wanne ne a ciki? Idan hira ce ta minti goma, hasashe ne. Idan kuwa kai ka gwada busarwar a gidanka har ka gano yadda za a hana garin dunƙulewa, ko kai ka haɗa shi da manomin da yake saye a wurinsa, ko kai ka zauna ka fitar masa da lissafin riba, to ka ba shi aiki, kuma maganar ta sauya.

Abin da doka da shari'a suka tanada

Ni ba lauya ba ne, ba kuma mai fatawa ba, abin da zan faɗa shi ne wanda aiki ya sa na sani, in magana ta yi nisa sai ka nemi masu fannin. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare yadda aka bayyana tunani, kamar rubutu ko zane ko manhaja, ba ta kare tunanin kansa. Dokar shaidar ƙirƙira ta 1970 tana ba da kariya ta shekara 20, amma ga abin da yake sabo, wanda aka yi ƙirƙira a cikinsa, kuma za a iya amfani da shi a masana'anta. Busar da tumatir a niƙa ba zai shiga nan ba. Da a ce ka ƙera wata na'urar busarwa mai sabon tsari, ita za ta iya shiga, da sharaɗin ka yi rajista kafin ka baza ta a duniya. Suna da tambarin kaya kuma ana yi musu rajista daban.

Akwai shari'ar da mutane suke yawan kawo mini a matsayin hujja, ta Facebook. Tagwayen nan Cameron da Tyler Winklevoss da abokinsu Divya Narendra sun kai Mark Zuckerberg ƙara cewa ya ɗauke musu dabara lokacin suna jami'ar Harvard, a 2008 aka sasanta a kan kuɗi da hannun jari da aka kimanta dala miliyan 65. Gaskiya ne, amma ka lura da abin da suka shiga kotu da shi. Sun riga sun fara gina shafinsu, sun ɗauko shi ya rubuta musu manhaja, ya karɓi aikin, kuma akwai saƙonnin imel a tsakaninsu. Alkawarin aiki suka kai kotu, da shaida a rubuce. Kuma abin da suka samu ɗan ƙanƙani ne a kan abin da kamfanin ya zama.

A fiƙihunmu ma riba tana bin abu biyu ne, dukiya da aiki, tare da ɗaukar asara. A ƙiradi, wanda Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta ware masa babi guda, ɗaya ya kawo jari ɗaya ya juya shi, a raba riba bisa kason da aka yanka tun farko. In an faɗi, mai jari ya yi asarar kuɗinsa, mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Kowannensu akwai abin da ya sa a wuta. To ka yi wa kanka wannan tambaya: da tumatirin abokinka ya ruɓe a shekarar farko, da ka ɗauki kaso a cikin asarar? In amsar a'a ce, da wuya a ce kana da kaso a riba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin ƙirƙira da na wallafa da sunan kasuwanci dukiya ce da bai halatta a taɓa ba, amma tana magana ne a kan abin da ya tabbata ya zama na wani, wanda za a iya nunawa a ce ga shi.

Ko dillali da muke gani a kara ko a Kantin Kwari, la'adarsa ba don ya ce "shanu suna riba" yake karɓa ba. Ya kawo mai saye, ya tsaya an daidaita, kuma in dabbar ta zama ta sata shi za a fara nema.

Duk wannan a kan haƙƙin da za a bi a karɓa nake magana. Akwai kuma haƙƙin zumunci, kuma a nan ina tare da kai. Hadisi ya inganta cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Da abokinka ya zo ya ce, "Wane, maganar nan taka ce na gwada, Allah ya sa albarka," ya ajiye maka ko da katan ɗaya na kayan, da ban samu wannan wasiƙa ba. Na lura ma a rubutunka rashin ambaton sunanka ya fi rashin kuɗin ci maka rai. Sai dai ɓangare ɗaya na ji. Yana yiwuwa shi ma ya ji maganar a wurare uku, har ya manta a bakin wa ya fara jin ta. Yana yiwuwa kuma kunya ce take hana shi, ko tsoron in ya ambata ka ce a raba. Idan kuwa akwai alkawari a tsakaninku, ya ce maka "tare za mu yi" a gaban shaidu sannan ya zame, to wannan saɓa alkawari ne, sai a nemi dattawan da kuke jin nauyi su zauna da ku kafin a yi zancen lauya ko alƙali.

Dabarun nan biyu da kake ɓoyewa

Maganar sayarwa tukuna. A duk shekarun da na yi ban taɓa ganin ɗan kasuwa ya ƙirga kuɗi ya ba wani don ya faɗa masa dabara tsurarta ba, kuma dalilin a fili yake. Kafin ya biya dole ya ji, in ya ji kuma ya riga ya samu. Abin da na ga ana saye shi ne dabarar da aka riga aka taka mata ƙafa: samfurin da ke aiki, ko jerin masu saye da suka saba, ko shago da ke ciniki. Ray Kroc, mai tallan injin haɗa madara, ya je wurin cin abincin 'yan'uwan nan biyu, Richard da Maurice McDonald, a 1954, a 1961 ya saye kamfanin a kan dala miliyan 2.7. Abin da ya biya wa kuɗi tsari ne da ya gani da idonsa yana aiki, layin mutane a ƙofa, abinci na fita cikin daƙiƙoƙi.

Ɓoyewa kuwa ta fi cutar da kai fiye da yadda take kare ka. Wanda zai nuna maka ramin da ke cikin dabararka shi ne wanda ya daɗe a harkar, kuma ba zai nuna ba sai ka faɗa masa. Da mun zauna da mace ɗaya mai kunun aya minti ashirin kafin mu sayi firij, da jarinmu bai tafi ba. Galibin waɗanda za ka faɗa wa suna fama da nasu, ba su da lokacin ɗaukar naka. Shekara uku ka riƙe ta tumatir ba ka motsa ba, kuma da ba ka faɗa wa abokinka ba, wani ne a Ɗanja ko Kura zai yi. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Akwai abin da ake ɓoyewa, amma sai an fara aiki ake samun shi: ma'aunin haɗi, wurin da kake saro kaya da araha, sunayen masu sayenka. Mai kilishi ba ya ɓoye cewa kilishi yake yi, haɗin labunsa yake ɓoyewa. Mai turaren wuta ma haka. Coca-Cola tun 1886 ake sayar da shi, kowa ya san lemo ne, ma'aunin haɗin ne kamfanin ya riƙe a matsayin sirri. In za ka nuna wa wani irin wannan, a nan ne takardar yarjejeniyar riƙe sirri take da amfani.

Ga abin da nake sa duk wanda ya zo mini da dabara ya yi. Ka ɗauki ɗaya daga cikin biyun, wadda ta fi kusa da abin da ka sani a matsayinka na malami, domin ka san iyaye da ɗalibai da masu makarantu sanin da ɗan kasuwar Sabon Gari bai yi musu ba. Ka rubuta a shafi ɗaya wanda zai biya, da abin da yake amfani da shi yanzu a madadin naka, da abin da guda ɗaya zai ci maka har ya isa hannunsa, da kuɗin mota da na lalacewa a ciki. Sannan ka nemi mutum goma waɗanda ba danginka ba ne, ba kuma masu jin kunyarka ba, su ba ka kuɗi ko kafin alƙalami. "Wallahi abin ya yi kyau" ba ciniki ba ne, sai hannu ya shiga aljihu. Dogon hutun ƙarshen shekarar karatu ya ishe ka wannan gwaji, ba sai ka bar aikinka ba, ba sai ka ci bashi ba. In goma suka biya, ka samu abin da za ka nuna wa mai jari. A lokacin sai ku rubuta wa ya kawo me, wa zai yi me, kason kowa nawa, da yadda za a rabu in an gaji da juna, shaidu su sa hannu. Ni ina ba da shawarar kason wanda ba kuɗi ya kawo ba ya riƙa tabbata a hankali gwargwadon watannin da ya yi yana aiki, domin na ga tarayya da yawa sun watse saboda an yanka wa mutum rabi a ranar farko, bayan wata uku ya daina zuwa. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta ba mutum ɗaya damar yi wa kamfani rajista shi kaɗai a hukumar CAC, ke nan ba dole sai ka jawo wani don cika sharaɗi ba.

Game da abokinka, shawarata ka je wurinsa da ƙafarka, ka ga wurin, ka yi masa murna da zuciya ɗaya, sannan in kun keɓe ka gaya masa abin da ke ranka ba tare da zancen kaso ba. Bayan haka ka tambaye shi wa yake rarraba masa kaya a Samaru da Tudun Wada da cikin birni. Mai ƙaramar masana'anta kullum yana neman amintaccen da zai kai kaya shaguna ya karɓo kuɗi ba tare da an bi shi ba, kuma da la'ada ake yin wannan, ba ya buƙatar jari, yamma da ranakun Asabar sun isa. A nan za ka ga yadda mai shago yake jan bashi, da yadda ake dawo da kaya, da abin da matan gida suke cewa game da launi da ɗanɗano, wato duk abin da za ka buƙata ranar da za ka fara naka. Ka je kafin kakar tumatir ta kama, wajen Nuwamba ko Disamba, lokacin da yake neman kwashe ragowar kayan bara ya haɗa kuɗin sayen sabo.